Waiwaye: Shin kimiyyar Turawa ba ruwanta da al'ada da addini?

Gardama ce da kan tashi a majalisar ɗaliban jami'a a Yalwa ko Gubi, nan Bauchi. Wani ya ce ruwa ba ya tambayar aƙidar mai tukunya kafin ya tafasa, wani ya ce ai ƙwarya ba ta rabuwa da ƙanshin abin da aka dama a cikinta. Gardamar ta girme su duka, kuma Turawan ne suka fara yin ta a junansu.

A laccarsa ta 1917 a Munich, Bajamushe masanin zamantakewa Max Weber ya ce aikin malami shi ne ya faɗi yadda abu yake, hukuncin kyau ko muni kuwa ya bar wa mai sauraro. Sai dai shi kansa ya yarda cewa zaɓen abin da za a bincika daga zuciyar mutum yake fitowa. A 1953 Ba'amurke masanin falsafa Richard Rudner ya tura maganar gaba: gwaji ba ya kai wa ga yaƙini, dole wani ya ce "hujjar nan ta isa", kuma isar tata ta danganta ne da ɓarnar da kuskure zai jawo. Hujjar da za ta wadatar a kan ingancin maɓallin riga ba za ta wadatar a kan maganin jarirai ba. Wannan hukunci ne na ɗan Adam, na'ura ba ta yanke shi.

Musulmi sun shigo da ƙarfi bayan taron ilimi na Makka a 1977. Malamin nan Bafalasɗine Isma'il al-Faruqi ya fitar da tsarinsa na musuluntar da ilimi a 1982, yayin da Abdus Salam, masanin kimiyya ɗan Pakistan wanda ya ci kyautar Nobel a 1979, ya tsaya kan cewa kimiyya ɗaya ce a duniya. Masu goyon bayansa kan tuna da Tarayyar Sobiyet, inda a 1948 hukuma ta haramta ilimin gadon halitta saboda aƙida, ta bi Lysenko, masanin noman da ke ƙaryata wannan ilimi, noma ya sha wuya.

A ganinmu kowane ɓangare ya riƙe rabin zancen, kuma a asibiti aka fi ganin haka. Idan aka auna sinadarin kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa, a jini, akan haɗa shi da shekaru da jinsin majinyaci (namiji ko mace) a lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Lissafin 2009 ya ce in baƙar fata ne, a ninka sakamakon da 1.159, bisa zaton baƙi sun fi tsoka, alhali daga baƙaƙen Amurka aka ɗauko alƙaluman. To duba: wanda ya samu 55 sai ya koma kusan 64, ga shi kuwa ƙasa da 60 ne ake fara zargin ciwon ƙoda. Manomi siriri daga Dukku ya tsallake layin a takarda ke nan, ƙodarsa na ci gaba da lalacewa. Sai a 2021 aka cire wannan ninki a Amurka. Yana da kyau likita ya tambayi ɗakin gwaji da wane lissafi suke aiki, don tsohon bai ɓace ba.

Haka ƴar na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin. Haske iri biyu take harbawa ta cikin yatsa, kuma yawanci a jikin masu farar fata aka daidaita ta. Wani bincike a Michigan a 2020 ya duba waɗanda na'urar ta nuna musu oksijin 92 zuwa 96, alhali a awon jinin da aka ɗiba daga jijiya bai kai 88 ba: kashi 11.7 cikin ɗari a baƙaƙe, 3.6 a farare. Abin lura, da awon jini aka kama kuskuren, wato kimiyyar ce ta tona asirin kanta. Saboda haka in majinyaci na haki, na'ura na cewa 93, kada a sallame shi. A ɗumama yatsan, a goge jan farce in akwai, a sake aunawa, a ƙirga numfashinsa na minti guda.