Waiwaye: Wilhelm Frankl, matuƙin jirgin yaƙin da Jamus ta goge sunansa, daga baya ta dawo da shi

A garin Neuburg da ke bakin kogin Danube a kudancin Jamus akwai wani barikin sojan sama mai ɗauke da sunan Wilhelm Frankl, matashin da ya rasu a fagen fama yana da shekara 23 a duniya. Kafin a kai ga raɗa wa barikin wannan suna a 1973, sai da aka yi shekaru ana ƙoƙarin ganin cewa Jamusawa sun manta da shi, ba don ya gaza a yaƙi ba, sai don kawai an haife shi a gidan Yahudawa.

An haifi Frankl a Hamburg ranar 20 ga Disamba, 1893, mahaifinsa kuwa ɗan kasuwa ne. Ya koyi tuƙin jirgi a filin Johannisthal da ke Berlin a 1913, a makarantar Melli Beese, mace ta farko da ta samu lasin tuƙin jirgin sama a ƙasar. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya shiga soja bisa raɗin kansa. Jirgin farko da ya kakkaɓo, a watan Mayun 1915, na Faransa ne, kuma da bindigar hannu ya harbe shi, domin a lokacin jirage da yawa ba a girka musu manyan bindigogi ba tukuna. A watan Agustan 1916 aka ba shi Pour le Mérite, lambar jarumta mafi daraja a masarautar Prussia da ke cikin daular Jamus, sannan a farkon 1917 aka ɗora shi a kan rundunar jiragen yaƙi ta Jasta 4. Ranar 8 ga Afrilun wannan shekara, yana cikin artabu da jiragen Birtaniya a sararin samaniyar arewacin Faransa, fiffiken jirginsa samfurin Albatros ya karye, ya faɗo ƙasa ya rasu, bayan an lissafa masa jirage kusan 20 da ya harbo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa shi ne abin da ke faruwa a gida yayin da yake can yana sayar da ransa. Wata biyu kacal bayan an rataya masa lambar girma, wato a Oktoban 1916, ma'aikatar yaƙi ta ba da umarnin a ƙidaya Yahudawan da ke cikin soja, saboda zargin da masu ƙyamarsu ke bazawa cewa suna laɓewa a ofisoshi suna gudun bakin daga. Ba a fitar da sakamakon ƙidayar ga jama'a ba har yaƙin ya ƙare, kuma wannan shirun ya ƙara wa zargin ƙarfi. Alhali Yahudawan Jamus wajen 100,000 ne suka sa kaki a wannan yaƙi, kimanin 12,000 daga cikinsu ba su dawo gida ba. Wannan ne ya sa tsofaffin sojojinsu suka kafa ƙungiya a 1919 don kare mutuncinsu, har suka wallafa kundin sunayen mamatansu a 1932.

Shi kansa Frankl ya karɓi addinin Kirista kafin rasuwarsa, a daidai lokacin aurensa, amma hakan bai hana a share shi ba bayan 'yan Nazi sun karɓi mulki a 1933, domin dokokin Nuremberg na 1935 da asalin kakanni suke auna mutum, ba su damu da addinin da yake bi ba. An hana sanya sunayen Yahudawan da suka mutu a yaƙi a sababbin allunan tunawa, an kuma cire sunan Frankl daga jerin matuƙan da suka samu Pour le Mérite a littattafan da aka buga a zamanin. Wanda ke shugabantar sojan sama a lokacin, Hermann Göring, shi ma tsohon matuƙi ne mai riƙe da wannan lamba, don haka ba za a ce manyan ƙasar ba su san ko wane ne Frankl ba. Da gangan aka yi, kuma a ganina cin amana ne ga mutumin da ba ya raye balle ya kare kansa.

Gyaran ya zo a makare, shekara 56 bayan rasuwarsa, kuma bai zo a tsabtace ba. A shekarar da aka sa wa barikin Neuburg sunan Frankl, an kuma laƙaba wa rundunar da ke zaune a cikinsa sunan Werner Mölders, matuƙin zamanin Hitler wanda ya yi yaƙi a yaƙin basasar Sifaniya cikin dakarun Condor, wato sojojin da Jamus ta aika don su mara wa Janar Franco baya. Haka sunayen biyu suka zauna wuri guda sama da shekara talatin, har zuwa 2005 lokacin da ministan tsaro Peter Struck ya sa aka cire na Mölders, bisa wani ƙuduri da majalisar dokoki ta zartar tun 1998 game da waɗanda suka yi aiki a dakarun Condor. Barikin dai har yau da sunan Frankl ake kiransa.