Kwamfutar da ka haɗa da kanka ta ƙi barci, ko ta yi barcin ta ƙi tashi: ga amsoshin a wuri ɗaya

Tambayoyin nan kullum sai an turo min su, yawanci daga samarin da suka sayi madabod a nan, ram a can, katin hoto na hannu, suka haɗa da kansu. Na gaji da maimaita magana ɗaya. Wanda ya sake tambayata abin da ke cikin nan wannan kawai zan miƙa masa, kada ya ji haushi.

Malam kwamfutata tana farkawa da kanta tsakar dare, ba wanda ya taɓa ta.

Akwai abin da ya taɓa ta, kai ne dai ba ka gani ba. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta powercfg /lastwake, za ta faɗa maka abin da ya tashe ta na ƙarshe. Sai ka rubuta powercfg /devicequery wake_armed ta jero maka duk na'urorin da aka ba izinin tashinta. Yawanci maus ne, tebur ya ɗan girgiza shi ke nan ta tashi, ko kuma katin netwok. Shiga Device Manager ka nemo shi, a shafin Power Management ka cire alamar Allow this device to wake the computer. In ba su ba ne duba powercfg /waketimers, sau da yawa Windows ce da kanta ta sa ƙararrawa don ta yi sabuntawa.

In sake saka Windows ne?

A'a. Me ta yi maka?

Furosesana yana hawa yana sauka, yanzu 800 MHz anjima ya wuce 4 GHz, ko ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau, haka aka yi shi. In babu aiki ya rage gudu ya rage wuta, aiki na zuwa ya ɗaga. Intel suna kiran nasu SpeedStep, daga baya suka kawo Speed Shift a zamanin Skylake a 2015, AMD kuma Cool'n'Quiet da CPPC. Wanda ya kamata ya damu shi ne wanda nasa ya tsaya cak a sama ko da babu abin da yake yi, shi kuma ya duba ko ya sa tsarin wutar Windows a High performance, don a can Minimum processor state ɗari bisa ɗari yake. Mayar da shi Balanced ka huta.

Wani ya ce min in kashe C-states a bayos (BIOS, shafin saitin madabod) kwamfuta za ta fi gudu.

Wannan wanin shi zai biya maka kuɗin wuta? C-states matakan hutun furosesa ne lokacin da ba ya aiki, C0 yana aiki, C1 ya ɗan tsaya, C6 ya kashe wutar kwakwalwar (wato core, furosesa na da su da yawa a cikinsa) da ba a amfani da ita kusan gaba ɗaya. Ka kashe su, sai injin ya riƙa shan wuta yana zafi alhali takardar Word kawai ka buɗe, a irin zafin Afrilu da fanka ma iska mai zafi take hurawa. Kuma abin da ba su faɗa maka shi ne a furosesoshi da yawa sai sauran kwakwalen sun kwanta sannan ɗaya ko biyu ke samun damar kaiwa ƙololuwar gudunsu, wato kana iya kashewa ka ma rage gudun da kake nema. Akwai masu kashewa don dalili, masu naɗar sauti da wasu masu sabobi (servers), kai da kake buga wasa kana kallon YouTube ba ka cikinsu. A kashe don gwaji, a gano matsala, a mayar. Shi ke nan amfaninsa a wurinka.

Na sa ta yi barci bayan minti 15 amma ba ta yi.

powercfg /requests. Za ka ga wanda ya riƙe ta, galibi burauza da ka bar bidiyo a buɗe, ko direban sauti, ko manhajar saukar da kaya. Rufe shi. In kuma babu komai a jerin, cire abin buga wasa da ka jona a USB ka gwada, wasunsu suna aika motsi ko ba a taɓa su ba.

Tana aiki lafiya in ina wasa na tsawon awanni, amma da na bar ta a zaune sai ta daskare ko ta kashe kanta ta kunna. Wani lokaci kuma in ta yi barci fankoki su tashi allo ya tsaya baƙi.

To wannan ita ce tambayar gaske, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ga amsa ɗaya ba, don abubuwa da yawa suna kawo alama iri ɗaya, abin da ya gyara ta abokinka ba lallai ya gyara taka ba ko da madabod ɗinku iri ɗaya ne.

Fara fahimtar dalilin da ya sa zama ya fi wasa haɗari. In kana wasa wutar da ke shiga furosesa a sama take kuma kusan a tsaye. In injin na zaune wutar tana faɗuwa ƙasa sosai, sai wani ɗan ƙaramin aiki ya zo, kwakwalwa ɗaya ta yi tsalle zuwa ƙololuwa cikin ƙiftawar ido, a wannan tsallen ne duk wani rauni ke bayyana. Shi ya sa mutum zai ce min ai na gwada ta da Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, ba ta faɗi ba, eh ba za ta faɗi a can ba, ba can ne ciwon yake ba.

Abu na farko, kuma na san ba ka son ji: shiga bayos ka mayar da komai yadda ya zo, Load Optimized Defaults. XMP ko EXPO, saitin ƙara wa ram gudu, a kashe, duk wani rage wuta da ka yi a cire. Masu furosesan Ryzen na AMD da suka sa Curve Optimizer, saitin rage masa wuta, a -30 a duk kwakwale don sun ga wani ya yi, ku ne kan gaba a wannan matsalar, ku duba Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakurai, in kun ga WHEA-Logger mai lamba 18 to da wuya in ba shi ba ne. Ka yi amfani da ita haka na 'yan kwanaki. In ta daina, ka san laifin saitinka ne, sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya na ce. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda ta gyaru, bai san abin da ya gyara ba, gobe in ta dawo zai sake zuwa wurina.

A Event Viewer ɗin za ka ga Kernel-Power 41, kada ka turo min hotonsa kana murna ka gano matsala, abin da yake cewa kawai shi ne injin ya mutu ba a kashe shi yadda ya kamata ba, wanda kai ma ka sani. Wanda ke da amfani shi ne shuɗin allo mai DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, lambarsa 0x9F, wannan yana nuna wani direba ne ya ƙi amsa kira lokacin kwanciya ko tashi, sau da yawa na katin hoto, na waifai ko na wani abin USB. Ɗauko direban chipset daga shafin AMD ko na kamfanin madabod ɗinka, ba daga manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka komai da dannawa ɗaya ba.

In duk wannan bai yi ba sai mu kalli fawa safilai, wato akwatin da ke ba injin wuta, kuma a nan ne masu haɗa sabon furosesa da tsohon akwati suke kamuwa. Tun 2013 da Intel ta fitar da furosesoshin Haswell aka san wannan, a matakin C6 da C7 furosesan yana iya jan 0.05 amfiya kacal a layin 12V, tsofaffin fawa safilai da masu arha kuma wasu ba a ƙera su don ƙaramin ja irin wannan ba, sai su rikice su yanke. Ryzen na farko da suka fito a 2017 su ma sun yi fama da daskarewa a zaune, musamman a Linux, har aka sa wani saiti a bayos mai suna Power Supply Idle Control. In madabod ɗinka na da shi mayar da shi Typical Current Idle ka gani. In ta gyaru da wannan, mai yiwuwa fawa safilai ne, mai yiwuwa kuma furosesan ne da kansa, hanya mafi tabbas ita ce ka ari wani fawa safilai mai kyau ka gwada kafin ka kashe kuɗi.

Na baƙin allo bayan barci kuma, kafin ka danne maɓallin kashewa danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, yana sake tada direban hoto. Duba ma ko fitilar Caps Lock tana amsawa, in tana amsawa injin ya farka, allon ne ko wayar DisplayPort suka yi nauyin barci, gwada HDMI. Masu ram DDR5 a madabod ɗin AM5 na AMD da suka kunna Memory Context Restore a bayos don gudun jiran kunnawa, shi ma ya kan kawo irin wannan a wasu madabod, kashe shi ka jure jiran.

Sabunta bayos yana gyara da yawa daga cikin waɗannan, kuma masu Intel ƙarni na 13 da na 14 irin su i7 da i9 ku wajibi ne a kanku, don gyaran Intel mai lamba 0x12B da ya fito a Satumban 2024 ya shafi yawan wutar da furosesan ke nema daidai lokacin da yake zaune ko yana ƙaramin aiki, wanda kuma ya riga ya lalace gyaran ba zai dawo da shi ba, sai dai garanti. Amma don Allah kada ka sabunta bayos a kan wutar da ba ka da tabbas da ita. Ka sami UPS ko inbata mai caji tukuna.

In ka yi duk wannan tana nan yadda take, kada ka tada hankalinka, kashe barcin gaba ɗaya ka bar allo kawai ya riƙa mutuwa, ka ci gaba da aikinka kafin sabon bayos ya fito. Ba abin kunya ba ne.

In ta yi barci aka ɗauke wuta aikina ya tafi?

In barcin S3 ne zalla, wato barcin da ram kaɗai ke riƙe da aikinka, eh ya tafi, domin komai a ram yake kuma ɗan layin 5V na jiran aiki ne ke riƙe da shi. Kunna Allow hybrid sleep, yana ajiye kwafi a diski kafin ta kwanta, wuta ta dawo ka tarar da kayanka. A wurinmu da ake ɗauke wuta ba sallama ni na fi son Hibernate kai tsaye, wanda ke ajiye komai a diski ya kashe injin gaba ɗaya. Kuma ku riƙa danna Save ba sai an tuna muku ba.

Ina da UPS amma ana ɗauke wuta kwamfutar take mutuwa.

Ko batirin ya mutu, ko UPS ɗin ya yi mata ƙanƙanta, ko kuma irin mai arha ne da wutarsa ba ta fita sumul, wasu fawa safilai masu active PFC ba sa jituwa da su. Nemi mai pure sine wave, wato mai wutar da ke fita sumul.

Na kashe ta na kunna amma matsalar na nan.

Shut down ka yi ko Restart? Tun Windows 8 akwai Fast Startup, in ka yi Shut down ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye zuciyar tsarin da direbobi a fayil ta ɗauko su in ka kunna, har da matsalar. Restart ne ke wanke ta. Ko ka riƙe Shift ka danna Shut down. Masu Windows da Linux a inji ɗaya ku kashe Fast Startup ɗin ma baki ɗaya.

Babu Sleep a nawa kwata-kwata.

powercfg /a. Zai nuna maka matakan da injinka ke iyawa da dalilin rashin sauran. Sau da yawa ba ka sa direban katin hoto ba ne, kana kan Microsoft Basic Display Adapter. Sa direba.

Na kashe ta amma fitilun kibod da na ram suna nan a kunne.

Nemi ErP a bayos ka kunna, shi ke rage wutar da injin ke sha in yana kashe. Amma ka sani daga nan ba cajin waya ta USB in tana kashe, ba kuma tada ta da kibod ko ta netwok, kada ka dawo ka ce min wani abu ya lalace.

Ni Linux nake amfani da shi fa.

Rubuta cat /sys/power/mem_sleep, in ka ga an zaɓi deep to S3 kake, in s2idle ne ba shi ba ne. Bayan ta daskare ka kunna, journalctl -b -1 zai nuna maka abin da ya faru a zaman da ya wuce, karanta layukan ƙarshe. Mai katin Nvidia ya tabbatar nvidia-suspend da nvidia-resume suna kunne kafin ya zo yana zargin madabod.