Waiwaye: Yadda Jami'o'i Suka Mayar da Ciyawar Fadama Matatar Ruwan Kwata

Manomin Hadejia ko na Nguru ba ya son jin sunan kachalla. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina hawa da sauka kamar da, ciyawar ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Amma ita wannan kachalla da danginta su ake dasawa da gangan a ƙasashe da yawa domin su tace ruwan bayan gida. Labarin yadda aka kai ga haka ya kai shekara saba'in, kuma kusan dukkansa a hannun malaman jami'a da cibiyoyin bincike ya faru.

A farkon shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai 'yar Jamus, Käthe Seidel, da ke aiki a cibiyar Max Planck, ta fara shuka ciyawar bakin tafki a cikin ruwa mai datti, ta ga ruwan yana fita da sauƙin ƙazanta. Injiniyoyin zamanin ba su ɗauke ta da muhimmanci ba, domin a wurinsu tace ruwa aikin siminti ne da injina da sinadari. Daga baya Reinhold Kickuth na Jami'ar Göttingen ya ɗauki batun ta wata fuska: a bi da ruwan ta ƙarƙashin ƙasa, ya ratsa saiwoyi. A 1974 aka gina irin wannan matata a Othfresen, ta zama abin zuwa kallo daga ƙasashen Turai.

A nan ne labarin ya yi daɗi, domin an yi tuntuɓe. Kickuth ya yi hasashen cewa saiwoyi za su huda ƙasa mai yumɓu su buɗe wa ruwa hanya. Ƙasar Denmark ta gina irinsu da yawa a shekarun 1980 bisa wannan magana, sai ruwa ya ƙi nutsewa, ya riƙa malala ta sama. Masu bincike a Ingila, inda aka fara gwaji a 1985, suka koma amfani da tsakuwa maimakon ƙasa. Awon da aka yi ta yi shekara da shekaru ya kuma rage wa ciyawar daraja: ba ita ke shanye yawancin dattin ba. Ƙananan halittun da ke manne da saiwa da tsakuwa su ke narkar da shi. Aikin ciyawar shi ne ta ba su wurin zama, ta rage gudun ruwa, ta hana shimfiɗar toshewa, ta kuma zuro ɗan iskar oksijin ta ramukan da ke cikin kararta. Daga nan aka fitar da ma'auni: kimanin murabba'in mita 5 ga kowane mutum a tsarin da ruwa ke bi a kwance, wajen mita 2 a tsarin Faransa da ake kwarara ruwan daga sama, wanda dubban ƙauyuka ke amfani da shi yanzu.

Amurka ta bi tata hanyar. Howard Odum na Jami'ar Florida ya gwada zuba ruwan da aka ɗan tace a dausayin itatuwa a shekarun 1970. Robert Kadlec na Jami'ar Michigan ya bibiyi fadamar Houghton Lake, wadda ta fara karɓar ruwan kwatar gari a 1978, har kusan shekara talatin. Wannan haƙuri, a ganina, shi ne jarin da jami'a ke da shi wanda ɗan kwangila ba shi da shi. A garin Arcata na jihar Kalifoniya kuwa, malaman Jami'ar Humboldt, George Allen da Robert Gearheart, tare da ɗalibansu, suka taimaka wa garin ya kauce wa wata matata mai tsada, aka mayar da tsohuwar bola fadama. An kammala aikin a 1986, kuma yau mutane na zuwa can kallon tsuntsaye.

A 1990 kuma sai shugabannin jami'o'i suka sa hannu kan sanarwar Talloires a Faransa, suka ɗau alƙawarin sa kula da muhalli cikin koyarwa da bincike da tafiyar da harabarsu. Kwalejin Oberlin a jihar Ohio ta buɗe wani gini a 2000 inda tsirrai da ƙananan halittu ke tace ruwan banɗakin ginin, ɗalibai ne ke ɗibar samfur suna aunawa, ruwan kuma ya koma ya sake wanke banɗakin. Ba zan manta da masuntan gabashin Kolkata a Indiya ba, waɗanda suka daɗe suna kiwon kifi da ruwan kwatar birni kafin masana su zo su rubuta; an sa dausayin nasu cikin jerin Ramsar, wato jerin muhimman dausayoyin duniya, a 2002.

A wajenmu zafi abokin wannan fasaha ne, domin ƙananan halittun sun fi aiki idan babu sanyi, kuma kachalla da kainuwa ba sai an sayo su ba. Masu bincike a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sun gwada tafkunan tacewa masu tsirrai masu yawo a kan ruwa. Sai dai akwai sharuɗɗa. Kainuwa dashen Allah ce, amma idan ba a kwashe ta a kai a kai ba sai ta ruɓe ta mayar da dattin cikin ruwa, kuma sauro na son inuwarta. Ruwan majemun Challawa da Sharada a Kano yana ɗauke da sinadarin kromiyam, wanda ƙananan halittu ba sa iya narkar da shi. Taruwa yake yi a laka da saiwa, don haka ciyawar da aka yanka daga irin wannan wuri ba ta zuwa bakin dabba. Masu lambu a gaɓar Jakara kuwa suna nan suna ban-ruwan latas da kabeji da ruwan da ya fito daga kwatocin birni, a garin da ke da jami'o'i masu sashen injiniyan ruwa da ɗakunan kwanan dubban ɗalibai da ke zubar da ruwan wanka kullum safiya.