Ƙawata akwatin kifi da kayan gida: me ya dace, me ke kashe kifi?

Masu ajiye kifin ado a Kaduna sukan koka da tsadar kayan ƙawata akwatin gilashi, alhali yawancin abin da ake buƙata yana nan kusa da mu. Sharaɗin ɗaya ne: a ruwan nan kifi yake numfashi, duk abin da ya narke a ciki jikinsa zai shiga.

Zan iya tsinto duwatsu a bakin Kogin Kaduna?

Ƙwarai, amma ka nisanci inda kwatoci ke zuba. Idan ka kawo su gida, ɗiga wa kowanne ruwan khal (binega). Wanda ya yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinsa, zai riƙa narkewa a hankali yana ɗaga pH na ruwan, wato ma'aunin da ke nuna tsamin ruwa ko rashinsa, don haka ajiye shi gefe. Dutsen giranait, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, ba ya narkewa, sai dai a kula da kaifinsa. A goge su da buroshi da ruwan zafi kawai, ban da sabulu ko Omo, domin ɗan abin da ya maƙale a tsaga ya isa ya halaka kifi. Kada kuma a ɗora dutse a wuta da sunan dafawa, yana iya fashewa.

Wane abu ya fi sauƙi ga mai farawa?

Tukunyar ƙasa. A ganina babu kamarta. 'Yar ƙarama wadda aka gasa sosai, ba fenti ba shafe-shafe, kuma ba a taɓa girki ko turare a cikinta ba. Kwantar da ita a gefe, ka binne rabinta a yashi, ta zama kogo. Ko fasasshiya ce tana da amfani, muddin an goge bakin da samfefa har ya daina yanka. Kifi irin tarwaɗa yana son duhu da maɓoya, kuma kifin da ya san yana da wurin gudu ya fi sakin jiki ya fito fili. Abin da nake roƙo a duba shi ne ƙananan ramuka: ko a toshe su, ko a faɗaɗa. Kifi yakan cusa kai ya maƙale, abin ba daɗin gani.

Ƙoƙon kwakwa ma haka yake. A kankare naman tas, a dafa shi, a yanka masa ƙofa.

Itace fa?

Busasshe mai tauri, kamar na gwaiba, a ɓare ɓawon. A dafa, sannan a jiƙa a bokiti mako 1 zuwa 2 ana sauya ruwa. Zai rina ruwan kamar shayi, wannan ba ya cutarwa, kuma yana raguwa. Ɗanyen itace da dogonyaro a bar su. Haka katakon kafinta, saboda maganin ƙwari da ake shafa masa.

Da me zan manne su?

Silikon tsantsa, wato gam ɗin da ake manne gilashi da shi, wanda ba a haɗa shi da maganin fumfuna ba, a bar shi ya bushe awa 48. Da shi za ka iya shafe guntun bututun roba na PVC daga kasuwar Panteka, ka birgima shi a yashi ya fito kamar kogon dutse. Ƙusa, waya, kwabbai da duk wani ƙarfe kada su shiga ruwa, musamman jan ƙarfe, guba ne. Mai son launi ya manna hoto ko baƙar takarda a bayan gilashin, ta waje.

Yaya zan gane wani abu yana cutar da su?

Saka ado ɗaya bayan ɗaya, da tazarar kwanaki, don ka san mai laifi. Idan kifi ya daina cin abinci, ko ya taso sama yana haki alhali injin iska na aiki, cire sabon abin nan take, ka sauya kusan rabin ruwan. In na famfo ne, ya zama wanda ya kwana a buɗe sinadarin kulorin ya fita.