Tsaurin hukunci da batun halasta miyagun ƙwayoyi a Zamfara

Muhawarar halasta miyagun ƙwayoyi tana ɗauke da tambayoyi biyu da ba kasafai ake raba su ba. Ta farko, ko ya dace hukuma ta daina ɗaure mutum don ya sha abin maye, ko ma ta yarda a riƙa sayar da shi bisa ƙa'ida. Ta biyu, ko tsananta hukunci yana hana mutane aikata laifi. A Jihar Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996, da wuya a ji mai kare ta farkon a bainar jama'a, domin addini da al'ada duk sun haramta maye. Ta biyun kuwa jihar ta gwada ta a aikace har sau biyu, a 2000 da aka fara aiki da dokar haddi, da kuma 2022 da aka kafa dokar kisa kan 'yan bindiga.

Kayan mayen da ake nufi

Idan Turawa suka ce ƙwayoyi masu ƙarfi, galibi hodar iblis da heroyin suke nufi. Waɗannan ba su ne suka fi yawo a Gusau ko Ƙauran Namoda ba, saboda tsada. Abin da ya fi yawa shi ne tabar wiwi, sai tiramol, maganin tari mai kodin, roci, allurar fenta, da sholisho da yara ke zubawa a tsumma suna shaƙa. Akwai kuma na gargajiya irin su zaƙami. Mafi yawan ƙwayoyin nan magunguna ne na asibiti da suka fita daga hannun likita suka faɗa kemis da kwandon 'yan talla a ranar kasuwa. Hukumar NAFDAC ta amince ne da tiramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 200 ko 225, kuma akasarinsa daga Indiya yake fitowa. Ba mashayin bayan gari kaɗai ke sayensa ba. Ɗan ƙwadago a gona, ɗan acaɓa da mai haƙar zinare suna haɗiyarsa don su yini suna aiki ba su ji gajiya ba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da sigari. Wato kashi 14.4 cikin 100. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6. A shiyyar Arewa maso Yamma an samu kashi 12 cikin 100, kimanin mutum miliyan 3, Kano ce kan gaba.

Tarihin dokar ƙwaya a Najeriya

Dokar farko mai faɗi ita ce ta 1935, ta zamanin mulkin mallaka, wadda ta taƙaita shigo da wiwi da hodar iblis da dangoginsu. Tsananin ya fara ne da zuwan soja. A 1966 gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta fitar da dokar wiwi da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai nomanta, da aƙalla shekara 10 ga wanda aka kama yana sha. Noman bai tsaya ba, a 1975 kuma aka sassauta dokar.

Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta dawo da kisa a 1984 da doka mai lamba 20, wadda ta ce a harbe duk wanda aka samu da safarar hodar iblis da makamantanta. A ranar 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe mutum uku a Kirikiri da ke Legas: Bartholomew Owoh, Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. Abin da ya fi jawo surutu shi ne dokar ta waiwayi baya, ta haɗa da laifin da aka aikata tun kafin a kafa ta. Janar Ibrahim Babangida ya soke kisan a 1986 ya mayar da shi ɗauri, sannan a ƙarshen 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, da doka mai lamba 48. A waɗannan shekarun ne sunan Najeriya ya fito a matsayin mashigar heroyin daga Asiya zuwa Turai da Amurka. Masu goyon bayan kisa sukan ce janye shi ne ya buɗe ƙofa, masu adawa kuma su ce safarar ta riga ta kafu kafin a harbe kowa, kuma shekara biyu ba ta isa a auna komai ba.

Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da ƙwaya ko sarrafa ta ko sayar da ita, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da ita ko yana sha, kodayake alƙalai sun sha yanke abin da bai kai haka ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, jim kaɗan bayan wani binciken BBC ya nuna yadda ake karkatar da shi zuwa kasuwa. A Mayun 2024 kuma Majalisar Dattawa ta amince da gyaran da zai dawo da kisa ga masu safara, alhali Majalisar Wakilai ta tsaya kan ɗaurin rai da rai.

Akwai wani abu da masu muhawara kan manta. Tsarin mulkin 1999 ya sa sha'anin ƙwayoyi a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron ƙarar NDLEA. Saboda haka majalisar dokokin Zamfara ba ta da ikon halasta ƙwaya ko da ta so.

Shari'a a Zamfara

Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, dokar laifuka kuma ta fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000. Zamfara ce jiha ta farko, daga baya wasu goma sha ɗaya suka bi sahu, har da Kebbi. An rufe mashaya da gidajen caca, an tanadi bulala 80 ga mashayin giya bisa mazhabar Malikiyya, da yanke hannu ga ɓarawo, da hukuncin hiraba ga ɗan fashi kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida. Bulalar giya ba sabuwa ba ce ɗungurungum, domin kundin dokar laifuka na Jihar Arewa, wato Final Kot, da ya fara aiki a 1960 ya bar wa Musulmi bulalar haddi kan shan giya. Yanke hannu ne Turawan mulkin mallaka suka hana tun farkon ƙarni na 20.

Malaman fiƙihu sun haɗu kan haramcin duk abin da ke gusar da hankali, amma tun da daɗewa sun saɓa kan hukuncin abin da ba giya ba. Ibn Taimiyya yana ganin mai shan wiwi a yi masa haddi daidai da mai shan giya. Al-Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu wajajen 1285, ya sa wiwi cikin masu ɓata hankali ba masu sa maye irin na giya ba, don haka ta'aziri ne, wato alƙali ya duba ya yanke abin da ya ga zai tsawatar. Wannan saɓani yana da amfani a yau, domin ta'aziri yana ba da damar a tura mashayi magani maimakon kurkuku ba tare da an ce an halasta masa komai ba.

A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe saboda satar saniya, shi ne na farko a Najeriya a wannan zamani. A 2001 aka yanke na Lawali Isa kan satar kekuna. Bayan waɗannan biyu, kotuna sun ci gaba da yanke irin wannan hukunci amma zartarwa ta tsaya a Zamfara, mutane da dama suka yi shekaru a gidan yari suna jiran hukuncin da ba a zartar ba, ba a kuma soke ba. Jami'an gwamnatin wancan lokaci da mazauna Gusau da dama sun ce sata ta ragu a farkon shekarun. Masu suka kuma sun ce talaka kaɗai haddin ya hau, ba a ga ya taɓa mai wawure dukiyar jama'a ba. Malamai da kansu sukan tuna cewa ana kawar da haddi da shubuha, kuma Sayyidina Umar bai yanke hannu ba a shekarar yunwa.

Kimanin shekara goma bayan haka, wajajen 2011, satar shanu ta rikiɗe ta zama ta gungun masu bindiga a dazukan Ɗansadau, Zurmi da Birnin Magaji. Rikicin makiyaya da manoma, ɗaukar doka a hannu da 'yan sa-kai suka riƙa yi, kwararowar makamai, da haƙar zinare duk suna cikin dalilan da ake kawowa. A Afrilun 2014 aka kashe mutane sama da ɗari a 'Yargaladima. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka sace 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe, garin mutumin da aka yanke wa hannu kan saniya ɗaya shekara 21 kafin nan. Dokar haddi tana nan a rubuce duk tsawon wannan lokaci.

Dokar 2022

Gwamna Bello Matawalle ya fara da sulhu a 2019, ya koma rufe layukan waya da kasuwannin mako a Satumbar 2021, sannan a ƙarshen Yunin 2022 ya sa hannu kan dokar da ta tanadi kisa ga 'yan bindiga, ɓarayin shanu, masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto. Hare-hare ba su tsaya ba. Gwamna Dauda Lawal ya ce ba zai yi sulhu ba, ya ƙaddamar da rundunar tsaron jiha ta Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Jami'an tsaro sun sha kama masu kai wa 'yan daji wiwi da tiramol tare da man fetur da burodi, kuma wannan alaƙa ce ta fi taurare zukatan jama'a kan duk wata maganar sassauci.

A Najeriya ba a zartar da kisa sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuma suna gudun yin haka. Na ƙarshe da aka sani su ne na Jihar Edo a 2013 da 2016, alhali fursunoni sama da 3,000 suna jiran kisa.

Ko tsanani yana hana laifi

Tun a 1764 masanin shari'a ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya ce tabbacin kamu ya fi girman hukunci tsoratarwa. Mafi yawan binciken zamani ya karkata nan: mai laifi yana auna ko za a kama shi fiye da yadda yake auna yawan shekarun da za a ɗaure shi. Game da kisa, wani kwamitin Majalisar Bincike ta Ƙasa a Amurka ya duba nazarce-nazarcen shekaru da dama a 2012, ya ce ba su isa a kafa hujja da su ba cewa kisa yana rage kashe-kashe ko yana ƙara su. Najeriya ma tana da nata tarihin. Bayan yaƙin basasa an kafa dokar harbe 'yan fashi a 1970, aka riƙa ɗaure su a jikin ganga a bakin teku a Legas jama'a na kallo. An harbe Ishola Oyenusi a 1971, aka harbe Lawrence Anini a Benin a 1987, fashi kuma ya ci gaba.

Masu goyon bayan tsanani suna kafa hujja da Singafo, inda giram 15 na heroyin ke iya kai mutum ga rataya, da Saudiyya. Amma waɗannan ƙasashe ne da ke da 'yan sanda wadatattu da kotuna masu sauri, don haka da wuya a rarrabe ko igiyar ce ke aiki ko saurin kamun. Ɗan bindigar da ke dajin da hukuma ba ta shiga, a rubuta masa shekara 10 ko a rubuta masa kisa, duk ɗaya ne a wurinsa. Tsoron ɗauri kuma ba ya cika tasiri a kan wanda ƙwaya ta riga ta kama jikinsa.

Ƙasashen da suka sassauta

Babu ƙasar da ta halasta sayar da hodar iblis ko heroyin a kasuwa, yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961, 1971 da 1988 ma sun hana. Abin da aka yi shi ne cire ɗauri. Fotugal ta yi haka a 2001: wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba, ana tura shi gaban kwamiti mai ma'aikatan lafiya da walwala, dila kuma yana nan a kotu. Kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allura ta ragu ƙwarai. Jihar Oregon ta Amurka ta bi wannan hanya ta ƙuri'ar 2020, ta janye a 2024 bayan koke-koke kan shaye-shaye a tituna. Yurugwai a 2013 da Kanada a 2018 wiwi kaɗai suka halasta. A Afirka ta Yamma, kwamitin da Kofi Annan ya kafa ƙarƙashin Olusegun Obasanjo ya ba da shawara a 2014 cewa a daina ɗaure mashaya a mayar da hankali kan manyan dillalai, Ghana kuma ta mayar da hukuncin mashayi tara a dokarta ta 2020.

Matsayin ɓangarori

Masu son sassauci suna cewa kurkuku yana mayar da mashayi ɓarawo, haramci kuma yana azurta dila. Masu adawa suna cewa sassauci zai ƙara mashaya, kuma ya saɓa wa addini. Shugaban NDLEA, Buba Marwa, wanda aka naɗa a Janairun 2021, ya sha bayyana adawarsa da halasta wiwi.

Magani

Wuraren gyaran mashaya kaɗan ne a shiyyar Arewa maso Yamma. Iyalai da dama daga Zamfara da Kebbi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato suke kai 'ya'yansu, wasu kuma ɗakunan ba da shawara na NDLEA. Waɗanda ba su da hali sukan kai yaro gidan mari, kodayake an rufe da dama daga cikin irin waɗannan gidaje a Kaduna, Katsina da Kano a 2019 bayan 'yan sanda sun tarar da mutane ɗaure da sarƙa.