Yadda doka ke auna ingancin jami'a, da abin da ma'aunin ke tsallakewa

Iyaye da yawa a Sakkwato in ɗansu ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, hankalinsu yakan kwanta, tunda jami'ar gwamnati ce. Amma lasisin jami'a daban, matsayin kwas daban. Jami'a ɗaya tana iya samun cikakkiyar amincewa a fannin shari'a, alhali wani kwas nata na kimiyya yana rataye.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke riƙe da ma'aunin. An kafa ta a 1962 a matsayin mai ba da shawara, ta samu ƙarfin doka a 1974, sannan Doka mai lamba 16 ta 1985 ta ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin abin da kowane digiri zai ƙunsa, da ikon tantance kwasa-kwasai. Jami'ar tarayya, ta jiha, ta 'yan kasuwa, duk awo ɗaya ake yi musu.

Kafin a buɗe sabon kwas, hukumar kan turo mutane su ga ko akwai malamai da kayan aiki. Idan kwas ya yi 'yan shekaru yana tafiya, sai sashen ya cike takardar bayanin kansa, sannan ayarin manyan malamai daga wasu jami'o'i su sauka. Za su buɗe manhaja da tsoffin takardun jarrabawa, su ƙirga malamai, su shiga ɗakunan gwaje-gwaje da laburare, su duba kuɗin da sashen ke samu, har da abin da masu ɗaukar ma'aikata ke faɗa game da ɗaliban da aka yaye.

Sakamakon iri uku ne. Cikakkiyar amincewa tana buƙatar maki 70 cikin 100 a jimlace, da kuma 70 a kowane ɗaya daga manyan ɓangarori huɗu: karatun kansa, malamai, gine-gine da kayan aiki, da laburare. Tana aiki shekara 5. Kwas ɗin da bai cika wannan sharaɗi ba amma ya kai 60 yana samun amincewar wucin gadi ta shekara 2. Ƙasa da 60 kuwa an hana shi ke nan, kuma ba zai sake ɗaukar sababbin ɗalibai ba sai ya gyara. Ga masu son likitanci ko lauya ko injiniyanci akwai ƙarin ƙofa, domin hukumomin waɗannan sana'o'i suna yin tasu tantancewar, wasu har da ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka.

Batun malamai ne ya fi tsauri. A fannonin adabi da shari'a ana son malami ɗaya ga ɗalibi 30, a kimiyya ɗaya ga 20, a likitanci ɗaya ga 10. Ana kuma son kashi 20 na malaman sashe su zama farfesoshi da masu bi musu, kashi 35 manyan malamai, sauran 45 ƙanana. Gini ana iya tayar da shi cikin shekara guda in akwai kuɗi. Farfesa kuwa sai an yi shekara da shekaru ana rainonsa, kuma rana ɗaya tak zai iya tattara komatsansa ya koma Abuja ko ƙasar waje.

A nan ne nake ganin raunin tsarin. Ziyarar 'yan kwanaki ce ke yanke hukuncin shekara 5. An daɗe ana kuka a faɗin ƙasar nan cewa wasu sassa kan ari malamai da na'urori idan ayari zai zo, su mayar bayan an tafi. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma ɗalibin da zai zauna shekara huɗu a wannan sashe shi ne ke kwana a ciki. Jami'ar da ke son ingancinta ya ɗore dole ta riƙa auna kanta tsakanin ziyara da ziyara: ɗalibai nawa ke gamawa a kan lokaci, malamai nawa suka tafi kuma nawa aka maye gurbinsu, na'urori nawa ke aiki yau, ina waɗanda aka yaye suka samu abin yi. Majalisar malamai ta jami'a tana da ikon neman waɗannan alƙaluma kowace shekara, ba sai an jira NUC ba.

Kuɗi ma doka ta taɓa shi. Asusun TETFund, ƙarƙashin dokarsa ta 2011, yana raba kuɗin harajin da kamfanoni ke biya ga manyan makarantun gwamnati, rabi ga jami'o'i, sauran ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Yana gina azuzuwa, yana tura malamai ƙaro karatu, amma ba ya biyan albashi. Wutar lantarki da man janareta da gyaran yau da kullum suna wuyan jami'ar da gwamnatin da ta mallake ta, kuma duk wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu ya san abin da ɗaukewar wuta ke yi wa ɗakin gwaji.

A ƙarshen 2022 hukumar ta fito da sabon tsarin manhaja, CCMAS, inda ta tsara kashi 70 ta bar wa kowace jami'a 30. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi suka a kansa, tana ganin an shiga hurumin majalisun jami'o'i, kuma ƙorafin yana da tushe. Duk da haka kashi 30 ɗin nan fili ne babba ga jami'o'in Sakkwato: noman rani a fadamar Rima, kiwon jar akuya da jima, kwararowar hamada, da rubuce-rubucen malaman jihadi da ke jiran masu nazari.

Kafin uba ya biya kuɗin rajista, ya tambayi matsayin kwas ɗin da shekarar da aka yi masa tantancewar ƙarshe. NUC tana wallafa wannan bayani a shafinta na intanet, kuma shugaban sashe ba shi da hujjar ɓoye shi.