Thomas Dufour, tsohon kyaftin ɗin Faransa a wasan karlin: tambayoyi da amsoshi

Wane irin wasa ne karlin?

Wasa ne na tura dutse a kan ƙanƙara, asalinsa daga Sukotlan. Kowace ƙungiya tana da mutum huɗu. Dutsen yana da mariƙi a samansa, nauyinsa ya kusa kilo 20, ana sulala shi a kan fili mai tsawon kimanin mita 45 zuwa wata da'ira da ake kira gida. Yayin da dutsen ke tafiya, mutum biyu na gabansa da tsintsiya suna goge ƙanƙarar da ƙarfi, don ya ƙara nisa kuma kada ya karkace da yawa. Wanda dutsensa ya fi kusa da tsakiyar gida shi ke cin maki.

To, wane ne Thomas Dufour?

Bafaranshe ne da aka haifa a 1973, ya yi wasa a kulob ɗin Chamonix, garin da ke gindin dutsen Mont Blanc. Tun yana matashi ya fara fice: yana cikin tawagar Faransa da ta ci azurfa a gasar matasa ta duniya a 1992, sannan tagulla a 1993.

Mene ne aikin kyaftin a wannan wasa?

Nan ne ƙwarewar Dufour take. Kyaftin yakan tsaya a can ƙarshen fili, cikin gida, ya ɗora kan tsintsiyarsa daidai inda yake son mai jifa ya auna. Da dutse ya taso sai ya dinga daka wa masu shara tsawa, ko su goga ko su dakata. Shi ke yanke shawara: a ajiye dutse a gaba ya zama garkuwa, ko a buge na abokan hamayya ya fice. A al'ada kyaftin ne ke jifan duwatsu biyu na ƙarshe, amma a gasar duniya ta 2011 Dufour ya bar wa abokin wasansa Tony Angiboust wannan nauyi, shi kuma ya riƙe tsara dabara. A ganina ba kowane shugaba ne zai yarda da haka ba.

Ya je gasar Olamfik?

Sau biyu. A Salt Lake City ta Amurka a 2002, ƙarƙashin kyaftin Dominique Dupont-Roc, Faransa ba ta ci wasa ko ɗaya ba. A Vancouver ta Kanada a 2010 shi ne kyaftin, tare da Angiboust da Jan Ducroz da Richard Ducroz. Suka ci wasa uku cikin tara, suka zo na bakwai. Kanada ce ta ɗauki zinariya.

Na bakwai ai ba wani abin a-zo-a-gani ba ne?

Sai an duba da wa ake karawa. A Kanada ƙananan garuruwa da yawa na da filin karlin, a Faransa kuwa 'yan wasan ba su da yawa, galibinsu a garuruwan tsaunuka. Duk da haka tawagar Dufour ta zo ta biyar a gasar duniya a 2008, ta maimaita a 2011 a Regina ta Kanada, inda Norway ta tare mata hanyar shiga zagayen ƙarshe a wasan raba gardama.

Faransa ta taɓa cin lambar Olamfik a karlin?

Sau ɗaya, tagulla, a gasar Olamfik ta hunturu ta farko da aka yi a Chamonix ɗin nan a 1924. Ƙasashe uku kacal suka fafata: Birtaniya, Suwidin da Faransa. Sai a 2006 kwamitin Olamfik na duniya ya tabbatar da lambobin a hukumance.